ZARE: An ga ƙulli a hoton ciki, sai kowa a gida ya zama likita

1/ Jama'a, yau zaren dogo ne, ku yi haƙuri da ni. Na nemi izinin Yayata kafin in rubuta, ta ce in rubuta amma ban da sunan kowa. Magana ce a kan ƙullin da ake gani a ma'ajiyar ƙwan mace tana da ƙaramin ciki, da yadda muke yanke hukunci a kansa a gidajenmu. 🧵

2/ Ga ra'ayina tun farko don kada in ɓata muku lokaci. Ƙullin nan likitoci sun san yadda ake bi da shi, uwa ta tsira, ɗa ya tsira. Abin da ke kayar da matanmu shi ne taron dangin da ake yi a kansa, inda kowa ke da bakin magana ban da mai cikin.

3/ Ni ba likita ba ce, ɗaliba ce. Amma ni na riƙa raka ta asibiti saboda mijinta matafiyi ne. Abin da zan faɗa daga bakin likitarta na ji, na kuma koma na karanta. Duk wadda ke cikin wannan hali, likitarta za ta bi, ba zarena ba.

4/ Cikin fari ne. Tana sati 8 laulayi ya kayar da ita, ko ruwa ba ya zama. Muka je wani wurin sikanin a unguwa. Mai na'urar ya duba, ya ce, "Hajiya akwai ciki, amma akwai ƙari babba a dama, santimita 9. Sai dai aiki." Ya miƙo takarda, ya kira ta gaba.

5/ Wallahi iyakar bayanin ke nan. Muka fito tana kuka a cikin adaidaita, ni kuma ina ta latsa waya ina neman ma'anar abin da ya rubuta. Kafin magariba labari ya kai gidan surukai. Kafin isha'i har ya zama wai kansa ce.

6/ Bari in tsaya in yi bayanin da ya kamata a yi mana a ranar. Mace na da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagu, a gefen mahaifa, kowace kamar girman dabino. Wani lokaci jaka kan fito a jikinta, ita ce likitoci ke kira sist. Daban take da faibroid, shi tsiro ne a naman mahaifa.

7/ Duk wata in ƙwai ya fita, gurbin da ya bari kan zama 'yar jaka, sunanta kofus lutiyom. In ciki ya shiga, ita ke samar da sinadarin furojestaron mai riƙe cikin, har wajen sati 10 lokacin da mabiyiya ke karɓar aikin. Wato mai gadin cikin ce ma.

8/ Takan cika da ruwa ko jini ta kumbura, sai a gan ta a hoto, hankali ya tashi. Irin wannan mafi yawansu da kansu suke sacewa. Zuwa sati 14 ko 16 a sake hoto a ga wayam. Ba allura, ba wuƙa, ba jiƙo. Ku riƙe wannan da kyau, zan dawo kansa.

9/ Akwai kuma waɗanda ba sa sacewa. Ɗaya shi ne damoyid. A cikinsa ana samun kitse, gashi, wani lokaci har haƙori. Don Allah wannan ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Ƙwayoyin halittar da ke ma'ajiyar ƙwai suna iya zama fata ko gashi ko ƙashi, shi ke nan.

10/ Akwai mai ɗauke da tsohon jini, akwai mai ruwa ko majina da kan yi girma sosai. Kansa fa? Tana faruwa, amma da wuya a mace mai ƙuruciya. Shi ya sa likita ke duba cikin ƙullin: ruwa ne zalla, ko akwai bango da tsiro. Girma kaɗai ba ya nufin kansa.

11/ Ko gwajin jinin nan na CA-125 da wasu ke gudu su yi, a farkon ciki yakan hau da kansa ko mace lafiyarta ƙalau. Sai a ba ki lamba mai ban tsoro ki kwana ba barci a banza. Kada ki yi gwajin da likitarki ba ta rubuta ba.

12/ To me ya sa girma ke damun likitoci? Ma'ajiyar ƙwai a rataye take, jijiyoyin jini na bi ta cikin marataya. In ƙulli ya yi nauyi, tana iya juyawa ta murɗe, kamar yadda ake murɗe tiyo ruwa ya tsaya. In jini ya daɗe bai kai ba, sai ta mutu.

13/ Haɗarin murɗewa na ƙaruwa in ƙulli ya wuce santimita 5, musamman daga ƙarshen wata na uku zuwa na huɗu lokacin da mahaifa ke tasowa tana ture abin da ke gefenta, sai kuma bayan haihuwa. Yana kuma iya fashewa, ko ya tare hanya ranar naƙuda.

14/ Za ku ce to a cire mana tun sati 8. A'a. Na ɗaya, wataƙila mai sacewa ne. Na biyu, lokacin ne sassan jikin jariri ke haɗuwa, ɓari ma ya fi yawa a nan. Na uku, in aka cire mai gadin nan kafin sati 10, sai an riƙa ba ta furojestaron don cikin ya zauna.

15/ In kuma aka bari ciki ya tsufa, mahaifa ta cika wuri, aiki ya yi wuya, ana tsoron naƙuda ta taso kafin lokaci. Shi ya sa in aiki ya zama dole aka fi son tsakiya, wajen sati 16 zuwa 20. Wasu asibitocin ma da ƙananan huji da kyamara suke yi, ba tsaga babba.

16/ Duk wannan wata likitar mata ce ta yi mana bayaninsa a asibitin gwamnati, da Hausa, tana zanawa a bayan kati. Allah ya saka mata. Ta ce a dawo sati 14. Ta ce in ciwo mai tsanani ya taso a gefe ɗaya da amai, a zo ko ƙarfe nawa ne, kada a jira gari ya waye.

17/ Muka koma gida da sauƙi a zuciya. Amma a gida an riga an yi wani zaman. Surukarta ta aiko da jarka cike da jiƙo, na wani mai magani da ta ji a rediyo, wai yana narkar da kowane irin ƙari cikin kwana 21. Yaya ta sha, don ba ta iya cewa a'a.

18/ Sati 14 aka sake hoto. Santimita 10. Likita ta nuna mana alamar kitse da gashi a ciki, ta ce damoyid ne, ba zai sace ba, kuma da wannan girman ta fi son a cire. Aka sa rana a sati 16. Aka ba mu jerin gwaje-gwaje, aka ce a tanadi mai ba da jini.

19/ Nan aka ja daga. "Ba a taɓa mai ciki da wuƙa." "Wance an yi mata aiki ba ta tashi ba." "Ai maganin bai gama aiki ba ne, a ƙara jarka." Mijinta yana tsakiya, ga uwa ga mata. Ya ce a ɗan dakata ya dawo daga tafiya. Rana ta zo ta wuce.

20/ Sati 17, bayan isha'i, ciwo ya sare ta a dama. Tana birgima a ƙasa tana amai. Aka ce laulayi ne ya dawo. Aka sayo allurar ciwo a kemis, aka shafa man zafi, aka yi hayaƙi. Wayar mijinta a kashe, yana hanya. Aka ce mace ba ta fita da dare ba izininsa.

21/ Ni ina wurin. Na san alamar, da kunnena na ji likita ta faɗa. Na yi magana sau ɗaya, aka ce "ke yarinya ce, yi mana shiru", sai na yi shiru. Wannan shirun har yau yana cina. Sai bayan asuba Ummanmu ta zo, ba ta tambayi kowa ba, ta sa ta a mota.

22/ A asibiti likita ya kawo takardar amincewa, muka ce mijinta bai iso ba. Ya dubi Yaya ya ce, "Hajiya hankalinki ɗaya, jikinki ne, ke za ki sa hannu." Ta sa. Aka shiga da ita. Ta murɗe, ta riga ta mutu, ba a iya ceto ta ba, aka cire ma'ajiyar dama gaba ɗaya.

23/ Alhamdulillahi cikin ya zauna, yau tana sati 30. Ta hagu lafiyarta ƙalau, kuma guda ɗaya ta isa mace ta ci gaba da haila da haihuwa. Amma da an yi aiki ranar da aka sa, ƙullin kawai aka yi niyyar cirewa a bar mata abarta. Wannan asarar mu muka jawo ta.

24/ Yanzu ga inda nake son mu yi gardama. Na farko masu maganin "narkar da ƙari". Kun tuna na ce yawancin ƙullin farkon ciki da kansa yake sacewa? To a nan kasuwarsu take. Mace ta sha jiƙo sati shida, a sake hoto a ga babu, sai a ce magani ya yi.

25/ Ko ruwan randa ta sha haka za a gani. Amma ita za ta hau rediyo ta ba da shaida, da zuciya ɗaya kuma, ba ƙarya take ba a saninta. Wadda nata damoyid ne, ta sha jarka uku ta ƙare a ɗakin tiyata da asuba, ita ba mai gayyatar ta shirin.

26/ Ku tambayi kanku: wane jiƙo ne zai bi ta ciki, ya shiga jini, ya je ya narkar da gashi da haƙori, amma ya bar jaririn da ke gefe bai taɓa shi ba? Kuma ba wanda ya san abin da ke cikin jarkar, ba awo, ba suna, a watannin da ko maganin asibiti sai an tace.

27/ Na san za a ce ina raina maganin iyaye da kakanni. Ban raina ba, da shi aka raine ni. Amma kakanninmu ba su taɓa cewa suna ganin cikin ciki ba. Mai talla a lasifika da TikTok da ke karanta takardar sikanin yana rubuta jarka, wannan ɗan kasuwa ne, ba gado ba ne.

28/ Addu'a kuwa mun yi, muna kan yi, ita ce ma ta riƙe mu a bakin ɗakin tiyata. Ban taɓa jin malamin kirki ya ce a bar mace tana birgima har asuba don ana tofi ba. A yi tofin a cikin mota, ana tafiya asibiti.

29/ Na biyu, wuraren sikanin. Na'urar alheri ce, da sauti take aiki, ba ta cutar da jariri. Amma wanda zai ce wa mai cikin fari "sai dai aiki" ya kira ta gaba, ya jefa gida guda cikin firgici. Firgicin nan shi ya buɗe wa jarka ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

30/ In ba hurumin ka ba ne ka yanke hukunci, faɗi haka: "Na ga ƙulli, yawancinsu ba matsala, kai wa likitan mata wannan takarda cikin satin nan." Jimla ɗaya ce. Ba ta cin kuɗi, ba ta cin lokaci.

31/ Na uku, dangi. A nan zan yi adalci. Tsoron tiyata ba jahilci ba ne kawai. Surukar Yaya ta taɓa rasa ƙanwa a wajen aiki shekaru da suka wuce. Ga kuɗi, ga neman jini, ga wulaƙancin da talaka kan sha a layi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

32/ Amma ku auna da kyau. Aikin da aka shirya, da rana, an yi gwaji, jini na ajiye, babban likita na nan, da aikin gaggawa bayan an kwana ana amai, wanne ya fi haɗari ga uwa da ɗa? Gudun na farko ne ya kai mu ga na biyu. Kuɗin ma sai da ya fi.

33/ Kuma in za a yi taro, a yi shi a gaban likita. Duk wanda ke da ƙuri'a a kan cikin nan ya zo asibiti ya ji da kunnensa, ya yi tambayarsa. Surukar Yaya ba ta taɓa ganin zanen nan na bayan kati ba. Na tabbata da ta gani, da maganar ta canza. Laifinmu ne da ba mu kai ta ba.

34/ Na huɗu, mazanmu, da girmamawa. Ban ce a fita ba shawararku ba. Cewa na yi a yi shawarar tun da rana tsaka. In matarka na da irin wannan, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da kowa: "In ciwo ya tashi ku tafi, kada ku jira ni." Ka bar kuɗin mota da lambar direba.

35/ Mijin Yaya mutumin kirki ne. Da ya kunna waya ya ji, kuka ya yi, ya ce wa ya ce a jira shi? To ba wanda ya ce, kuma ba wanda ya ce kada a jira. A wannan ramin mata da yawa ke faɗawa. Izinin da ba a furta ba, da dare babu shi.

36/ Ku kuma sani, a ƙa'idar aikin likita, baligi mai hankalinsa shi ke ba da izinin a yi masa aiki, mace ko namiji. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Sanin wannan kaɗai na iya ceton awanni.

37/ Na biyar, mu mata da kunyarmu. Ɓoye ciki har sai ya fito, musamman na fari, shi ke sa a fara awo a wata shida. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a fara awo cikin sati 12 na farko, a yi hoto kafin sati 24. Ba sai kin sanar da unguwa ba, ki sanar da asibiti.

38/ Da laulayi bai kayar da Yaya ba, da ba a ga ƙullin ba sam, sai dai a daren da ya murɗe, ba wanda ya san me ake nema. Wata ma a ce mata ciwon ciki ne a ba ta magani ta koma gida. Ganin sa da wuri shi ne sa'ar da muka samu, muka yi wasa da ita.

39/ Likitoci ma kuna da naku. Na san layi dogo ne, ku kaɗan ne. Amma minti biyar na bayani da Hausa ya fi takarda cike da turanci. Mai jarka yana zama da mutum rabin awa yana sauraron sa. In kuka bar wannan fili, shi zai ci gaba da cike shi.

40/ Ga tambayoyin da za ki yi in an ce an ga ƙulli: Santimita nawa? Wane gefe? Ruwa ne zalla ko akwai wani abu a ciki? Yaushe za a sake hoto? In bai sace ba, mene ne shiri, a sati na nawa? Wane asibiti zan nufa da dare? Ki rubuta amsa, ki adana duk takardun hoto.

41/ Alamun da ba a kwana da su: ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a gefe guda, da amai. Jiri ko suma. Zazzaɓi da ciwon mara. Zubar jini. Ciwon kafaɗa tare da ciwon ciki. Ko ciwon ya lafa ya dawo, ki je, murɗewa kan saki ta sake kamawa.

42/ Kada a rufe ciwon da allurar kemis. Irin su ibuprofen da dikilofenak ba na mai ciki ba ne sai da umarnin likita, musamman daga sati 20. Kuma in za a tafi asibiti da irin wannan ciwo, kada a ɗura mata abinci, wataƙila aiki za a shiga.

43/ In kuma likita ya ce a jira a sa ido, to a jira, shi ma magani ne. Mata da yawa sun kai wata tara da ƙullinsu sun haihu da kansu lafiya, aka duba shi daga baya. Kada tsoro ya kai ki wurin da za a yi miki aikin da ba kya buƙata don kuɗinki.

44/ Ga ƙannai irina: in kin san abu, ki faɗa, ki sake faɗa, ki kira wanda ake jin maganarsa. A ce ba ki da kunya na dare ɗaya ya fi abin da nake ji yanzu. Da na kira Umma ƙarfe tara maimakon asuba, wataƙila da wannan zaren bai zama dole ba.

45/ Surukar Yaya ita ke dafa mata abinci yanzu, ita ke raka ta awo, jarkar kuma da hannunta ta zubar. Ba mu riƙe ta ba. Saura sati 10. Ku sa Yayata a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya, da duk masu ciki. Ku tura wa wanda ke yanke hukunci a gidanku, ba matan kaɗai ba.